Jan mapul don inuwa a gefen gida, wa ya taɓa dasawa?

BabanHanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu daɗewa a ƙasar nan ta Amurka. Bara muka sayi gida a Kolambos ta jihar Ohayo, gidan Alhamdulillah babu laifi amma gefen yamma fayau yake ko tsinke babu, tun daga la'asar rana ke dukan falo da ɗakin yara, ga shi a watan Yuli magariba sai wajen 9 na dare, esi bai huta ba kuma kuɗin wuta ya nuna. Na je wurin masu sayar da dashe suka ce in sa red maple, wato jan mapul, wai yana da saurin girma kuma inuwarsa mai kauri ce. Daga bangon gida zuwa hanyar siminti ta masu tafiya a ƙasa zai yi ƙafa 35. Ni dai burina in samu bishiyar da zan shimfiɗa tabarma a gindinta kamar ƙofar gidanmu a Zariya. Wanda ya taɓa dasawa don Allah ya faɗa min gaskiyar abin da ya gani, mai daɗi da mara daɗi.

MamanIkram_MD: Wa alaikumussalam. Allah ya sanya alheri a gidan. Mu muna da shi a nan Merilan, 2014 maigida ya dasa irin da ake kira October Glory, lokacin tsawonsa kaɗan ya fi ni, yanzu ya wuce rufin gida. Wallahi ban taɓa nadama ba. Da zafi gefen nan sanyi ƙalau, in sanyi ya shigo kuma ganyen ya zube rana ta samu hanyar shiga ta taga, ka ga riba biyu ke nan. Farkon Nuwamba kuwa sai ka ce an zuba masa jan lalle, maƙwabta har tsayawa suke su ɗauki hoto. Abu ɗaya dai, saiwarsa a sama-sama take tafiya, ciyawa ta daina fitowa a gindin, kuma in za ka shimfiɗa tabarmar taka sai ka zaɓi wuri don saiwoyin sun taso kamar jijiyar hannu.

Sadiq_Chicago: Yaya kar ka yi gaggawa. Abin da Anti ta faɗa gaskiya ne amma Merilan daban, nan tsakiyar ƙasa daban. Ni na dasa a Chikago, shekara 2 na farko lafiya lau, a ta 3 ganye ya fara yin rawaya tun watan Yuni, jijiyoyin ganyen kore shar amma tsakaninsu duk ya koɗe. Na zuba taki, na ƙara ruwa, na sayo magani kala-kala babu abin da ya sauya, rassa suka riƙa bushewa daga sama ɗaya bayan ɗaya har na kira aka sare shi a shekara ta 6, ranar yarana har kuka suka yi. Daga baya na gane ƙasar ce matsalar. Ka gwada ƙasarka kafin ka fitar da ko dala 1.

Dan_Fagge: Masha Allah ni hotonsa kawai nake gani a waya ina sha'awa. Ba shi ne a tutar Kanada ba? Don Allah wani ya taho min da iri in zai zo gida, ina da fili a Kano ta wajen Janguza in gwada.

MalamGandu: @Dan_Fagge ganyen da ke tutar Kanada na mapul ne, tun 1965 suke amfani da ita, amma zane ne aka tsara, mapul ɗin kansa dangi ne babba mai iri da yawa. Maganar Kano kuwa ka haƙura ɗan uwa. Itacen nan sai ya yi barci a cikin sanyi na gaske, makonni da yawa a jere, sannan ya farka ya yi toho, sanyin hunturunmu na ƙarshen Disamba zuwa Janairu bai kai ko kusa ba, ga kuma rani na wata 7 babu ruwa alhali shi ɗan fadama ne, har sunansa na biyu a nan mapul ɗin fadama. Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga Kanada har Fulorida, ta yamma kuma har gabashin Teksas, yana cikin itatuwan da suka fi yawa a dazukan gabashin ƙasar nan.

Komawa ga BabanHanifa, abin da ya samu Sadiq sananne ne. Jan mapul yana son ƙasa mai ɗan tsami da danshi. In ƙasa ta yi kanwa, wato awon pH ya haura 7, sinadarin manganis yana nan a cikin ƙasar amma saiwa ba ta iya jansa, shi ne ganye ke koɗewa haka. Shi ya sa ƙarin taki ba ya magani. Tsakiya da yammacin Ohayo kuwa ƙasarsu laka ce mai haɗe da farar ƙasa, wurare da yawa awon yana sama, balle in sabuwar unguwa ce da magina suka binne ɓaraguzan siminti a fili. Ka nemi ofishin malaman gona na jami'ar jiha da ke gundumarku, za su nuna maka yadda ake ɗibar ƙasa da inda ake aikawa, kuɗin kaɗan ne.

Dan_Fagge: Toh Malam ko a Jos ko Mambila ma ba zai yi ba?

MalamGandu: Can akwai sanyi amma iri ɗaya ne kusan duk shekara, kuma tsawon yini ba ya sauyawa sosai. Shi da gajartar yini da saukar sanyi yake gane lokacin zubar da ganye. Zai iya tsirowa ya ɗan yi shekaru yana wahala, amma wannan jan da ka gani a hoto kar ka sa rai.

UmmuSultan: Ni fa ban gane maganar sai Nuwamba yake ja ba. Namu a Nu Jazi tun daga Mayu har ya zube ja ne wur, kamar ruwan zoɓo mai kauri. A gidan muka same shi.

MamanIkram_MD: Ƙanwata wannan ba shi ba ne. Jan mapul na gaskiya ganyensa kore ne duk lokacin zafi, bayan ganyen ma fari-fari. Furensa ne ja, ƙanana, suna fitowa wajen Maris tun babu ganye, sai karan ganyen da 'ya'yansa, sannan ganyen ya juya ja in kaka ta yi.

MalamGandu: Hajiya ta yi daidai. @UmmuSultan in babba ne mai faffaɗan ganye to kusan tabbas mapul ɗin Norwe ne irin Crimson King, in kuma ƙarami ne mai siraran ganye to na Japan ne. Ki tsinki ganye ɗaya ki duba inda karan ya rabu, in kin ga farin ruwa kamar nono na Norwe ne. Wannan daga Turai aka kawo shi kuma ya zama mamaya a dazuka, jihar Masachusets ma ta hana sayar da shi. BabanHanifa ka lura da wannan a wurin saye, mutane da yawa suna cewa a ba su mapul ja sai a ɗauko musu wannan. Ka duba takardar da ke rataye a jiki, sai ka ga an rubuta Acer rubrum, sunan jan mapul na kimiyya.

UmmuSultan: Na je na tsinko yanzu, wlh farin ruwa ne ya fito. Shekara 5 ina ce masa red maple. Na gode Malam.

Alh_Bronx: Ni duk wannan wahalar ce ke sa ni kewar darbejiya. Ka dasa ka ba ta ruwa rani ɗaya shi ke nan ta kama, babu gwajin ƙasa babu komai, akuya ma ba ta cika damunta ba, ga inuwa rani da damina. Mu da ke cikin bene a Niyok ko tukunyar fure sai a bakin taga.

Zinder_Boy: Baba mu bedi muke ce mata, kuma duk titin Damagaram ita ce.

Hauwa_ATL: Mu a gidanmu maina ake cewa, wasu kuma dogon yaro. Amma ai ita ma baƙuwa ce Alhaji, daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa. Kakata har ta rasu ba ta yarda da inuwarta ba, ita dai a ba ta ceɗiya ko durumi, ta ce su ne inuwar manya.

Alh_Bronx: Allah ya jiƙan kaka, ta san inuwa. Durumin ƙofar gidan mai unguwarmu mutum 40 na zama a ƙarƙashinsa.

BabanHanifa: Amin. Kun tuna min gida wallahi. Amma a dawo kan maganata, in ƙasar ta yi daidai, ƙafa 35 ɗin ya isa? Tsorona kar saiwa ta fasa min harsashin gida ko bututun ruwa, don gidan akwai ɗakin ƙasa.

Injiniya_Tukur: Ya isa in ka raba filin da hankali. Itacen nan a gida yana kai ƙafa 40 zuwa 60 a tsaye, faɗin kansa kuma ƙafa 30 zuwa 40 ko fiye, don haka ka ba shi kamar ƙafa 20 daga bango, sauran 15 ya rage tsakaninsa da hanyar siminti. Harsashi mai lafiya saiwa ba ta cika fasa shi ba, abin da take yi shi ne ɗaga siminti mara kauri irin na hanyar ƙafa da wurin shigar mota, kuma a garuruwa da yawa gyaran hanyar da ke gaban gidanka a wuyanka yake. Bututun bahaya kuma in tsoho ne mai tsaga tabbas za ta bi danshi ta shiga, in sabon roba ne da sauƙi. Kafin ka sa shebur a ƙasa ka kira 811, kyauta ne, za su zo su yi maka alama da fenti da tutoci inda gas da wayar wuta da ruwa suka bi. Kar ka raina wannan, doka ce ma. Ka ɗaga kai kuma ka duba ko akwai wayar lantarki a sama. In unguwarku da ƙungiyar masu gidaje ka nemi izininsu a rubuce tukuna.

Sadiq_Chicago: Injiniya ya tuna min, har da gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara, ba ya jurewa sosai. Nawa yana kusa da titi, ina zargin shi ma ya taimaka wajen kashe shi.

Nafisa_Ohio: Yaya BabanHanifa mu maƙwabta ne, muna Deton. Namu yana nan da rai amma sai da muka sha fama saboda yadda aka dasa shi. Kamfanin da muka ba aikin suka binne shi da zurfi, suka kuma tara ɓawon itace a gindinsa kamar tulin gyaɗa, mu kuma muna ganin kyau ne. Bayan shekara 4 muka ga gefe ɗaya na ganye yana raguwa, mai duba itatuwa ya zo ya tone gindin da hannu ya nuna mana wata saiwa da ta zagaye kututturen ta shaƙe shi kamar igiya, ya yanke ta, Allah ya sa ba a makara ba. Abin da ya koya mana: rami ya yi faɗin tukunyar sau 2 ko 3 amma kar ya fi ta zurfi, wurin da gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa dole ya kasance a waje ana ganinsa, in ka cire shi daga tukunya ka warware saiwoyin da suka nannaɗe ko ka yanke su. Ɓawon itacen inci 2 zuwa 3 ya isa, a baza shi da faɗi kar ya taɓa jikin. Ruwa kuma sau ɗaya a mako ka ba shi ya ƙoshi sosai, shekara 2 na farko, ya fi ka riƙa yayyafa masa kullum.

MamanIkram_MD: Nafisa kin faɗi abin da na manta. Ɓawonsa siriri ne yana ƙarami, injin yankan ciyawa na taɓa shi sai ciwo, namu har yau da tabon. Kuma barewa! Wajen Oktoba mazan suna zuwa su goga ƙaho a jikin ƙananan itatuwa su saɓule ɓawon, sai mun sa masa raga.

Dogari_KY: Jama'a wanda ke da doki ko maƙwabcinsa na da shi ya ji wannan da kyau. Ina aiki a gonar dawaki kusa da Leksinton, a nan ba a barin jan mapul kusa da makiyaya ko kaɗan. Ɗanyen ganye a kan itace ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya yi yaushi ko ya bushe shi ne guba, misali iska ta karya reshe ya faɗo cikin shinge ya kwana. Yana lalata jinin doki, fitsari ya koma baƙi-baƙi, numfashi ya yi wuya, da yawa ba sa tashi. Duk bayan hadari sai mun zagaya shinge muna kwashe rassa.

BabanHanifa: Subhanallah. To yara fa? Ina da mai shekara 3 komai ta gani sai baki.

Dogari_KY: Ga mutane ban taɓa jin matsala ba, da karnuka da kyanwa ma haka, abin na dawaki ne da danginsu. Ai ruwan jikinsa ma ana tatsa a dafa a yi zumar mapul, duk da dai wanda aka fi tatsa ɗan uwansa ne mapul ɗin sukari.

Kawu_Detroit: Ni ra'ayina daban ne kuma ku yi haƙuri. Kowa mapul kowa mapul, ka shiga sabuwar unguwa layi guda duk shi ne. Ina nan Mishigan lokacin da aka gano ƙwaron nan mai kashe itacen ash a 2002, da idona na ga titinmu ya koma fili cikin 'yan shekaru saboda duk iri ɗaya aka jera, kafin nan ma tsofaffin unguwa sun ce haka aka yi da itacen elm. Shi ma mapul yana da nasa maƙiyin, wani ƙwaro mai dogon ƙaho daga Asiya, an same shi a Buruklin 1996, an same shi a Ohayo ɗinku ma 2011 a gundumar Clermont wajen Sinsinati, dubban itatuwa aka sare. Ka leƙa layinku, in maƙwabta duk mapul ne kai ka sa wani abu. Itacen oak ya fi ƙarfi ya fi daɗewa.

Hauwa_ATL: Kawu amma oak kafin ya yi inuwa ai Hanifa ta yi aure. Mutum na fama da rana yanzu. Kuma wa ya san ko shekara nawa zai yi a gidan, a ƙasar nan aiki na iya ɗaga ka gobe.

Kawu_Detroit: 'Yata ko ya tashi wani zai sha inuwar. Hadisi ne ingantacce cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Gidan da nake ciki wanda ya dasa itatuwan ban san shi ba, kullum ina amfana.

Sadiq_Chicago: Akwai Autumn Blaze ai, shi na sa bayan na sare wancan. Haɗin jan mapul ne da mapul mai bayan azurfa, ya fi sauri kuma ya ɗan fi jure irin ƙasarmu, shekara 5 yanzu ya kai tagar sama.

MalamGandu: Yana da sauri kam, amma saurin da kuɗinsa. Rassansa suna fitowa a matse su miƙe sama tare, in ba a gyara shi tun yana ƙarami an bar masa kai guda ɗaya ba, ranar da aka yi iska ko ƙanƙara ta kwanta masa sai ya tsage biyu, kuma gefen gida ne. Sadiq ka sa a duba maka shi yanzu tun ana iya kaiwa da tsani. In za a yi sassabe a bari ganye ya gama fitowa, in aka yanka ƙarshen sanyi ruwa yake ta zuba, ba ya kashe shi amma babu kyan gani.

Nafisa_Ohio: Ba wanda ya yi maganar shara. 'Ya'yansa masu fiffike da ke juyawa kamar farfela, ƙarshen Mayu suke zubowa su cika indararo, in ba ka kwashe ba har tsirowa suke a ciki. Ganye kuma bara buhu 18 muka tara, ni da yara da manjagara Asabar 3 a jere. Ni dai ina son abina amma a san da shi.

MamanIkram_MD: Shi ya sa ake sayen mai suna ba wanda ya tsiro da kansa ba. Na daji wani ja yake yi wani rawaya, sa'a ce. Mai suna kuwa ka san launin da za ka samu, wasu ma maza ne ba sa 'ya'ya. Ku da sanyinku ya fi namu na ji an fi yabon irin da ake kira Red Sunset, yana juyawa da wuri kafin sanyi mai ƙarfi ya riske shi.

BabanHanifa: Salam jama'a, na dawo. Na kira 811 sun zo, gas ta ɗaya gefen ya bi, wurin da nake so babu komai, sama ma babu waya. Sakamakon ƙasa kuma ya fito jiya, pH 7.4, laka ce. Na zagaya layinmu kamar yadda Kawu ya ce, na ƙirga mapul 9 cikin itatuwa 14, biyu daga ciki ganyensu rawaya irin wanda Sadiq ya kwatanta. Gaskiya jikina ya yi sanyi, amma uwargida tun da ta ga hoton na Anti Maman Ikram ta ce ita shi take so.

Sadiq_Chicago: 7.4 kusan irin nawa ne. Ni dai ba zan ba ka shawara ba Yaya.

Nafisa_Ohio: Namu 7.1 ne kuma yana nan kore, duk shekara muna zuba farar wuta a kewayen gindin. Ba lallai ya ƙi ba.

MalamGandu: Farar wuta tana sauke awon amma a hankali, kuma in ƙasar da farar ƙasa a cikinta sai ta riƙa komawa inda take, aikin kowace shekara ne ke nan, ga shi saiwa za ta wuce inda kake zubawa. Ka ɗebi busasshiyar ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya ka ɗiga mata ruwan binega, in ta yi kumfa to ka bar maganar jan mapul a wurin nan. Akwai wani itace, honey locust mara ƙaya, ganyensa ƙanana kamar na tsamiya, bai damu da kanwa ba ko gishirin titi, ciyawa na fitowa a ƙarƙashinsa, sai dai inuwarsa ba ta da kauri kuma rawaya yake yi ba ja ba. Akwai bur oak in za ka bi ta Kawu.

Hauwa_ATL: Inuwa mara kauri kuma me ta yi wa mai neman shimfiɗa tabarma? Ni ina bayan uwargida.

Kawu_Detroit: Fili ƙafa 35 ne, ta baya fa? Sa oak a yamma inda kake son ya daɗe, in ƙasar bayan gida ta fi dama-dama a sa wa uwargida nata a can.

BabanHanifa: Bayan gidan ban gwada ba, can ne ma ruwa ke ɗan kwanciya in an yi sama. Zan ɗebi ƙasar can in aika ranar Litinin, binegar kuma yau da yamma in sha Allah. Malam in an dasa a Oktoba bai yi latti ba ko in bari sai Afrilu?

Dan_Fagge: Ni kuma a taimaka a faɗa min wanda zai yi ja haka a Kano, filin Janguza na nan yana jira.